Sarkin Buluz da 'Yan Amshinsa: Sharhi a kan Faifan "Live at the Regal"

Ga wata magana da mu ke so 'yan makaranta su taya mu dubawa a wannan mako. Mawaƙi ya yi waƙa a gaban jama'a, aka ɗauka a faifai, masana suka ji suka ce wannan faifai yana cikin mafiya kyau da aka taɓa yi. Shi kuwa mai waƙar ya ce shi bai ga abin da ya raba wannan dare da sauran darare ba, ya ce ma ya yi ɗaruruwan wasanni da suka fi shi, ba a dai ɗauka ba ne. To, maganar wa za a kama? In mun bi masana, mun ce ke nan mutum bai san aikin hannunsa ba. In kuwa mun bi mai waƙa, mun ce ke nan masana sun yi shekara sittin suna yabon abin da bai kai ba.

Mawaƙin nan shi ne B.B. King, baƙar fata ɗan ƙasar Amurka, wanda aka haifa a 1925, ya rasu a 2015. Faifan kuwa sunansa Live at the Regal, an ɗauke shi a birnin Shikago ran Asabar 21 ga Nuwamba 1964, aka fitar da shi kasuwa a 1965. Waƙa goma ce a ciki, duka ba su wuce minti 35 ba. Kafin mu yanke hukunci, sai mu fara gaya muku irin waƙar, da irin mutumin, da irin wurin, domin wanda bai san garin ba ba ya raba gardamar 'yan garin.

Mece ce buluz?

Buluz wata irin waƙa ce ta baƙar fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. An hana bauta a ƙasar a 1865, amma yawancin waɗanda aka 'yanta a kudu ba su sami gonar kansu ba. Mai ƙasa ya kan ba su fili da iri da abinci a kan bashi, in kaka ta yi a auna auduga a cire bashin, sau da yawa manomi ya tashi hannu wofi. A cikin irin wannan zama ne buluz ta tsiro, wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Tana maganar talauci, da tafiya, da mace ta guji miji ko miji ya guji mace, amma ba kuka zalla ba ce, akwai ba'a da habaici da dariya a ciki.

Ginin baitinta mai sauƙi ne. A kan faɗi layi ɗaya, a maimaita shi, sa'an nan a kawo na uku ya warware maganar. Abin da mu ke so ku riƙe shi ne, bayan kowane layi mawaƙi ya kan bar fili, watau ya yi shiru, domin wani ya amsa. Mai amsawar nan ko kayan kiɗa ne, ko kuwa mutanen da ke zaune. Ku da kuka saba jin mawaƙi da 'yan amshinsa ba ku bukatar dogon bayani a nan. Kun san yadda waƙa ta kan zama in an ɗebe amshi, kamar tuwo ba miya.

Wane ne B.B. King?

Sunansa na yanka Riley King. An haife shi a gonar auduga kusa da wani ƙauye da a ke kira Itta Bena a jihar Misisifi. Uwarsa ta rasu yana da kamar shekara tara. Ya yi noma, ya tuƙa tarakta, ya yi waƙar addini a coci, ya kuma yi kiɗa a bakin titi ana jefa masa kwabbai. A 1946 ya tafi birnin Memfis wurin wani ɗan'uwansa makaɗi mai suna Bukka White. Wannan mutum ya kan goga ƙarfe a kan tsirkiyar jita, watau molon nan na Turawa mai tsirkiya shida, sai ta riƙa kuka kamar muryar mutum. Riley ya yi ya yi ya koyi wannan dabara, abin ya faskara. Sai ya nemi hanyar kansa: ya danne tsirkiya da yatsa ɗaya, ya riƙa kaɗa hannu da sauri, amon ya riƙa rawa. Daga rashin iya abin wani ya sami abin kansa, har ya zama in ya taɓa tsirkiya sau ɗaya an san shi ne.

Daga baya ya sami aiki a wani gidan rediyo na Memfis mai suna WDIA, a can ne aka laƙaba masa sunan da aka taƙaita ya koma B.B. Jitarsa ma tana da suna, Lucille. Ya ce a 1949 yana wasa a wani ƙauye da a ke kira Twist a jihar Arkansas, sai maza biyu suka kama faɗa, suka ture garwar kananzir da a ke ɗumama ɗakin da ita, wuta ta tashi. Kowa ya fita, shi kuwa ya koma cikin wuta domin ya ɗauko jitarsa ta dala 30. Da ya ji sunan matar da a ke faɗan dominta, sai ya sa wa jitar, domin ya riƙa tuna wautar da ya yi.

A farkon 1952 wata waƙarsa ta hau kan jerin faya-fayan da baƙar fata suka fi saye. Tun daga nan ya shiga hanya, yau nan gobe can. A shekarar 1956 kaɗai ya yi wasa sau 342. Ku lissafa da kanku ku ga kwana nawa ya rage masa na hutu.

Halin da ya ke ciki a 1964

Sa'ad da aka ɗauki wannan faifai King yana da shekara 39, kuma kasuwarsa ta fara ja da baya. Samarin baƙar fata sun koma ga sababbin waƙoƙin rawa na zamani. Shekarar ce kuma aka sa hannu a babbar dokar da ta hana wariyar launin fata a wuraren jama'a, zukatan matasa suna duban gaba, waɗansunsu suna ganin buluz waƙar gonar auduga ce da zaman ƙasƙanci, abin da su ke so su manta. Shi da kansa ya ba da labarin yadda matasan baƙar fata suka yi masa ihun raini a wani gidan wasa a birnin Baltimore, tun bai buɗe baki ba, don kawai an ambaci buluz, abin ya yi masa zafi har ya yi hawaye.

A wancan gefe kuma akwai Turawan Amurka masu ilmi da suka fara sha'awar buluz. Amma su abin da su ke nema tsoho ne mai jitar katako, wanda ya fito daga ƙauye, ba ya da 'yan kiɗa. A 1963 suka nemo Mississippi John Hurt, a 1964 suka nemo Son House da Skip James, suka kai su manyan taruka. Waɗannan dattawa gwanaye ne, ba mu musa ba. Amma mutum irin King, mai sa kwat, mai jitar lantarki, mai masu busa a bayansa, ba su ɗauke shi na asali ba. Har wa yau kamfanin da ya yi wa aiki da fari ya riƙa sayar da manyan faya-fayansa a kan abin da bai kai dala ɗaya ba, cikin kwandon kayan araha, inda mai sharhi ba ya leƙawa. Sai ya zama kamar jemage, tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne, dabbobi ma haka.

Waɗanda suka rage masa su ne mutanensa na tun fil azal: ma'aikata da matan aure baƙar fata waɗanda suka baro kudu. Tsakanin wajen 1915 da 1970 baƙar fata kimanin miliyan shida suka yi ƙaura daga jihohin kudu zuwa biranen arewa da yamma. Da yawa daga mutanen Misisifi a Shikago suka sauka, a unguwannin kudancin birnin. A nan ne gidan wasan Regal ya ke, wanda aka buɗe a 1928, mai ɗaukar mutum kusan 3,000. Ashe ke nan ran da King ya hau dandamalin Regal, gaban 'yan garinsu ya tsaya, mutanen da suka san rana a gonar auduga kamar yadda ya sani.

Abin da ke cikin faifan

Sabon kamfaninsa, ABC-Paramount, ya sa wani gwanin tsara kiɗa mai suna Johnny Pate ya ɗauki wasan. Mutum shida ke bayan King: mai ganguna Sonny Freeman, mai babbar jita Leo Lauchie, mai kakaki Kenneth Sands, masu busa saksofon biyu, Bobby Forte da Johnny Board, da mai fiyano Duke Jethro. Shi wannan Jethro ainihin abin kiɗansa ogan ne, ya lalace a ranar, dole ya zauna gaban fiyano, abin da bai saba ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku ba wani shiri na musamman aka yi ba. Ma'aikatan rediyo biyu na birnin, Pervis Spann da E. Rodney Jones, su ne suka gabatar da shi, kowa a nasa wasan.

Waƙar farko gajeriya ce, ba ta kai minti uku ba, da sauri, masu busa suna gaba. Sallama ce, kamar yadda makaɗi ya kan buga taken gida kafin ya zauna. Da ta ƙare sai kiɗa ya lafa, King ya fara magana da jama'a a hankali, fiyano yana tafe ƙarƙashin muryarsa. Ya gaya musu zai koma baya ya ɗauko tsofaffin waƙoƙi, in kuwa ya taɓo wadda suka tuna, to, su sanar da shi da sowa. Mu a ganinmu mabuɗin faifan duka yana cikin wannan 'yar magana. Ya naɗa su 'yan amshi ke nan tun kafin ya fara.

Daga nan waƙa ta biyu da ta uku da ta huɗu suka zo a jere, kiɗa bai yanke ba, magana ce ke haɗa su. Ya fara da mutum mai yabon masoyiyarsa, ya wuce ga mutumin da aka guje shi yana ɗora wa kansa laifi, ya ƙare da mutumin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ba a gode ba. Waƙoƙi uku ne da aka yi su a lokatai dabam dabam, amma ya jera su suka zama labari ɗaya mai farko da tsaka da ƙarshe. Da ya taɓa tsirkiya a farkon ta biyu, tun bai ce kome ba, sai ihun mata ya tashi kamar guɗa. Sun gane waƙar daga amo uku ko huɗu.

Ku lura da yadda ya ke raba aiki tsakanin bakinsa da hannunsa. King ba ya waƙa da kiɗa a lokaci ɗaya. In yana waƙa Lucille ta yi shiru, in ya rufe baki ita ta karɓa, ta faɗi abin da ya faɗa da nata harshe, wani lokaci ta ƙara masa, wani lokaci kamar ta yi masa gardama. Ba ya cika amo da yawa. Inda wani makaɗi zai zuba ashirin domin a ce ya iya, shi sai ya ja ɗaya, ya riƙe shi yana rawa, ya sake shi, ya bar fili. A cikin filin nan ne za ku ji wata mace daga can baya ta ɗaga murya ta gaskata shi, wani namiji ya yi dariya, sa'an nan ɗakin duka ya ɗauka. Watau bakuna uku ke magana: mawaƙi, da jita, da jama'a.

Waƙa ta huɗu, How Blue Can You Get, ita ce ƙololuwar wannan gefe na faifan. Kafin ya fara ta ya roƙi jama'a su kasa kunne ga kalmomin, kada su damu da muryarsa ko da 'yan kiɗa. Wajen ƙarshe sai kiɗa ya riƙa tsayawa cak, miji yana lissafa alherin da ya yi wa matarsa ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana kushe kowanne. Kowace kushe ta fi ta bayanta zafi. Da ya kai na ƙarshe sai ɗakin ya fashe, ihu da dariya suka rufe kiɗan. Wanda ya karanta kalmomin a takarda zai yi murmushi kawai ya wuce. Abin da ya mai da su tsawa shi ne jinkirin da ya ke yi kafin kowane layi, yana auna numfashin mutum dubu, ya san daidai lokacin da zai saki magana. Wannan ilmi ba a samunsa sai da darare irin 342 ɗin nan.

A gefe na biyu waƙar da ta fi tsawo ita ce Worry, Worry, ta wuce minti shida. Jita ce ta buɗe ta da dogon zance, sa'an nan ya shiga da murya, yana hawa daga kakkaurar muryar namiji zuwa wata siririya can sama, yana maimaita 'yan kalmomi kaɗan har sai jama'a sun kasa zama. Wanda ya ji wannan zai gane a coci ya koyi waƙa, domin haka mai wa'azi a can ya ke ja da jama'arsa, yana faɗa suna amsawa.

Abin da masu sharhi suka ce

Faifan bai mai da King mai arziki a shekarar da ya fito ba. Ya ci gaba da yawonsa a ƙananan gidajen rawa kamar da. Amma faifan ya tafi inda shi bai taɓa zuwa ba. Samarin Turawa masu koyon jita a Ingila da Amurka suka same shi, suka riƙa juya shi suna kwaikwayon kowane amo. Eric Clapton na Ingila da Mike Bloomfield na Shikago suna cikin waɗanda suka riƙa ambaton sunan King a matsayin malaminsu, masu sauraronsu kuma suka fara tambaya, wane ne wannan?

A 1966 wani masani mai suna Charles Keil ya fitar da littafinsa Urban Blues, inda ya soki 'yan'uwansa masana da cewa sun tafi neman tsofaffi a ƙauye sun bar mawaƙan da baƙar fatar birni ke saurara a zahiri, ya kuma kwatanta aikin mawaƙi irin King da aikin mai wa'azi a cikin jama'arsa. A 1967 King ya yi wasa a gidan Fillmore na birnin San Faransisko gaban taron samarin Turawa, suka miƙe tsaye suna tafi tun bai fara ba, ya ce ranar ma ya yi hawaye, amma na wani dalili dabam. A 1969 ya zaga Amurka tare da ƙungiyar Rolling Stones, a ƙarshen shekarar kuma ya fitar da The Thrill Is Gone, wadda ta ba shi lambar Grammy a 1971. Ƙofar da ta buɗe a waɗannan shekaru, faifan Regal ne ya fara tura ta.

Tun daga nan yabo bai yanke ba. Mujallar Rolling Stone ta jera faya-fayai 500 da ta ce sun fi kowanne, a 2003 ta sa shi na 141. Babban ɗakin littattafai na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin 2005 na muryoyin da za a adana wa 'yan baya. Amma ga abin lura: da mujallar nan ta sake jerinta a 2020, sai faifan ya koma na 299. Ko amo ɗaya bai canja a cikinsa ba tsakanin 2003 da 2020. Masu zaɓe ne suka canja. Saboda haka in kun ga an sa wa waƙa ko littafi lamba, ku ɗauke ta labarin masu zaɓen ne, ku je ku ji abin da kunnenku.

Shi kuwa King, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1996, ya yarda faifan yana da kyau, amma ya ce bai ga dalilin da a ke fifita shi haka ba, tun da ya yi wasanni masu yawa da suka fi shi.

Hukuncinmu

Mu dai a ganinmu kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma rabin King ne ke bayyana rabin masana. Mun yarda da shi cewa daren nan dare ne kamar sauran. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, mutumin da ya yi wasa dubbai ya fi kowa sanin wanne ya fi. Amma darajar faifan a nan ta ke. Da an shirya shi musamman domin baƙi, da an sami abin baƙi. Da ya ke ba a shirya ba, sai aka sami gwani yana aikinsa na kullum a gaban mutanen da aka yi aikin dominsu, su kuma suna nasu aikin. King yana auna abin da ya fito daga hannunsa da bakinsa, shi ya sa bai ga abin mamaki ba. Amshin jama'a kuwa ya saba da shi kamar yadda kifi ya saba da ruwa, ba ya lissafa shi. Mu da ke nesa, shi ne abin da ba mu da wata hanyar ji sai ta wannan faifai.

Inda mu ke ganin masu yabo da yawa suka gaza shi ne, sun tattara yabon duka sun ɗora a kan yatsu. Samarin da suka koyi faifan sun kwashe amon jita ɗaya ɗaya, waɗansunsu har sun fi shi sauri, amma da yawa ba su ɗauki shirun da ke tsakani ba, domin shirun nan ba a yi shi don ado ba, wuri ne da aka bar wa wani. Mai waƙar ya ce a kasa kunne ga kalmomi, almajiransa na nesa suka kasa kunne ga tsirkiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In da za a goge muryar jama'ar Regal daga faifan, da abin da zai rage kiɗa ne mai kyau, amma ba wanda za a adana a taskar ƙasa ba.

Ba kuwa za mu ce faifan ba shi da aibi ba. Gefe na biyu bai kai na farko haɗuwa ba, domin ba shi da zaren labari irin na waƙoƙi ukun nan. Waƙar ƙarshe, wadda aka yi da wani kiɗa mai kama da na ƙasashen kudancin Amurka, ta zo bayan an riga an kai ƙololuwa, sai ta zama kamar baƙon da ya iso bayan an nannaɗe tabarma. Har wa yau kusan dukan waƙoƙin bakin namiji ne ke ƙorafi a kan mace, ba a ba ta fili ta faɗi nata ba. Ko da ya ke a nan ma jama'a sun gyara abin kaɗan, gama muryoyin da suka fi tashi a ɗakin na mata ne, kuma wanda ya saurara da kyau zai ji ba kullum su ke goyon bayan mijin ba, wani lokaci dariya su ke yi masa.

Akwai kuma wani abin baƙin ciki da masu jera lambobi ba su cika faɗa ba. An rufe gidan Regal a 1968, shekara huɗu bayan daren nan, aka rushe shi a 1973. Watau a daidai lokacin da duniya ta fara yabon faifan, ɗakin da ya haife shi yana mutuwa. King ya sami sababbin masu saurare, ya zaga ƙasashe, har ya yi wasa a Kinshasa a 1974. Sababbin nan sun girmama shi ƙwarai, sun yi shiru yana waƙa, sun yi tafi da ya gama. Tafi bayan an gama yabo ne. Amshi kuwa aiki ne da a ke yi tare, sai wanda ya san ciwon ke iya yinsa a kan kari.

Abin da ya shafe mu

Kada ku ce wannan labarin wata ƙasa ne mai nisa. Masana irin su Paul Oliver a 1970 da Gerhard Kubik a 1999 sun rubuta cewa waɗansu jijiyoyin buluz sun fi kama da kiɗan tsirkiya na ƙasashen Sudan ta yamma da ta tsakiya, irin su goge da molo, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Ba mu ce buluz tamu ce ba. 'Ya'yan Amurka ne suka ƙera ta daga wahalarsu, su ke da ita. Amma wanda ya taɓa jin Mamman Shata yana jefa magana 'yan amshi suna cafewa, ko Ɗan Maraya Jos yana zance da kuntiginsa, yana da kunnen da zai gane faifan Regal fiye da wanda ya karanta sharhi goma.

Don haka ga abin da mu ke roƙonku. Ku nemi faifan nan, ba shi da wuyar samu yanzu, ku ji shi sau biyu. Ji na farko ku bi mawaƙi da jitarsa. Ji na biyu ku ƙyale su, ku bi jama'a kaɗai: ina suka yi shiru, ina suka yi sowa, wa ya fara, me ya jawo. Sa'an nan ku rubuta abin da kuka ji da kalmominku, kafin ku duba abin da wani ya ce, har da mu. In kun saba da wannan, duk aikin da aka kawo muku, waƙa ko littafi, za ku fara tambaya domin wa aka yi shi, su kuma me suka ji a ciki.

Matan da suka yi sowa a Regal ran 21 ga Nuwamba 1964 ba su jira mujalla ta gaya musu sun ji gwani ba. Su suka fara yanke hukunci, a take, masana suka biyo baya da shekaru. Akwai makaɗa da mawaƙa a garuruwanku yau waɗanda ba wanda ya ɗauki muryarsu, kuna wuce su a hanyar makaranta. Kada ku jira sai baƙo ya zo daga nesa ya gaya muku darajarsu, domin sau da yawa kafin baƙon ya iso an rushe ɗakin.